Nafisa ta kira fasinja

Ya jama'a, ku ji abin da ya faru yau a rauda, wato makarantar ƙananan yara, inda nake koyarwa a unguwar Alsawra!

Akwai Nafisa, 'yar ajina mai shekara huɗu, da ba ta ce uffan ba tun da suka dawo daga gudun hijira. Wata biyar ke nan! Da safe babanta ya shigo, fuska a murtuke. Ya ce, "Ustaza, cire ta zan yi. Karatu na kawo ta, ba wasa ba."

Na ce, "Abu Nafisa, don Allah ka zauna minti goma."

Lokacin yara sun jera kujeru sun yi motar haya. Direba ya zauna, amma babu kwandasta. Sai kawai Nafisa ta miƙe, ta bubbuga bayan kujera, ta ɗaga murya: "Kasuwar Libiya! Libiya! Saura mutum ɗaya!"

Ta dubi babanta ta ce, "Baba, hau mana, za mu tashi!"

Wallahi mutumin nan ya duƙunƙune kan 'yar kujera, hawaye har gemu. Da zai tafi ya ce, "Gobe ƙarfe nawa?"

Na ce bakwai. Duk mai tsoffin kujeru ta aiko mini, gobe jirgin ƙasa za mu haɗa!