Bom ɗin da ya tarar da Inna cikin takaba

Inna, ƙanwar mahaifiyata, tana cikin takaba a unguwar Minguettes ta garin Vénissieux, a Faransa, lokacin da masu haƙa harsashin gini suka tono bom a bayan unguwar. Tsoho ne tukuf, na yaƙin duniya na biyu. A lokacin jiragen Ingila da Amurka sun yi ta ruwan wuta kan masana'antun Vénissieux da hanyar jirgin ƙasa, don su karya Jamusawan da suka mamaye Faransa. Wasu bama-baman suka faɗa kan gidajen talakawa, wasu suka nutse a ƙasa ba su tashi ba. Shi wannan bai ga ranar fitowa ba sai da mijin Inna ya rasu. Kai, abin haushi!

Hukuma ta ce ranar Lahadi kowa ya bar gida kafin a kwance bom ɗin. Na taso daga Bron, garin da nake zaune kusa da su, tun da safe don in fitar da ita. Na same ta kan tabarma da carbi, ko mayafi ba ta ɗauko ba.

"Mai takaba ba ta yawo," in ji ta.

"Haba Inna, wane irin yawo? Lalura ce!"

Na kira liman a waya, ya gaya mata da bakinsa cewa babu laifi ta fita. Ta yi masa godiya, ta tambayi iyali, ta miƙo mini wayata, ta gyara zama.

Da 'yan sanda suka ƙwanƙwasa ƙofa sai ta damƙe mini hannu. Wallahi na yi tsit kamar ɓarauniya har suka wuce. Can aka yanke wuta, firji ya yi shiru, benen gaba ɗaya ba motsin kowa. Ta taga na hango motar hukuma ta ƙarshe ta kwashe maƙwabta ta tafi. Tsoro ya kama ni, raina kuma ya ɓaci, na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba.

"So kike taurin kai ya kashe mu?"

Ta ajiye carbinta, ta dube ni.

"'Yar nan, tun da marigayi ya kawo ni ƙasar nan ban taɓa sauka daga benen nan ba sai yana gaba ina baya. Ko lambar da ake dannawa a buɗe ƙofar ƙasa ban sani ba. In na fita, wa zai maido ni?"

"Ni mana, Inna."

"Yau ke ce. Gobe fa?"

Na ajiye jakata, na zauna a gefen tabarmar.