Rinin Gashi a Ofishin Biza

Daga teburinta a ofishin biza na Jalandar, a ƙasar Indiya, Rupinda tana kallon mutumin da ke ƙarshen benci. Kwat ɗinsa na aro ne, bai rufe tabon ƙunar da ke hannuwansa ba. Ba ta shakka ya shekara ashirin yana gasa gurasa a tanderu. Gashinsa baƙi wuluk, baƙin rinin kanti, don wannan bizar tana da iyakar shekaru.

Gil, mai gidan abinci a wani ƙauyen Ostareliya, manaja yake nema, kuma sai wanda ya tsaya wa ke samun biza. Yau ya zo ofishin yana tantance masu nema, yana kurɓar shayi, yana nuna mutumin da cokali.

"Baba, ga ƙuruciyarka nan tana zuba."

Zufa ta kwararo da rinin har wuyan riga. Masu jiran layi suna ƙyaƙyata dariya.

"Yallaɓai, wallahi na iya aiki."

"A takarda manaja nake so, a kicin jaki. Kai kuwa ka tsufa da ɗaukar kaya. Na gaba!"

Mutumin ya miƙe. Ganin shayi ya ɗiga a teburin da ke gaban Gil, sai ya zaro hankicinsa, ya goge teburin tas, ya rusuna, sannan ya fita.