Ranar da Na Sa Baba Ya Binne Irinsa Duka

Shekarun baya, da na gama kwaleji na dawo gida Darini, ni kaɗai ke da babbar waya a gidanmu, don haka na zama malamin komai. Ko akuya ta yi tari sai a ce a tambaye ni. Ni kuwa ban taɓa cewa ban sani ba.

Mahaifina yana da wani irin gero da ya gada daga mahaifinsa. Duk kaka sai ya zaɓi zangarniya masu kyau ya ajiye can ƙuryar rumbu, ba a taɓa su ko da gari ya yi zafi. A shekarar nan abin da ya rage bai fi tiya biyu ba, don daminar da ta wuce ba ta yi albarka ba.

Ana tsakiyar bazara wani abokina ya turo mini bidiyo. Wani mutum ne cikin kwat, ga taswira a bayansa, yana bayani da Turanci cewa saboda sauyin yanayi ruwa zai sauka da wuri bana, kuma ba zai ɗauke ba. Turancin ya burge ni, na tafi wajen Baba da zafina.

"Baba, a yi binne. Masana sun ce ruwa na tafe."

Dama yakan yi binne, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa, amma rabi yake sakawa ya ɓoye rabi. Na dage sai duka, wai kada a bar mu a baya. Ya kalle ni ya ce, "To, kai ka yi karatu."

Bayan 'yan kwanaki aka yi ɗan ruwa, gero ya tsiro, na riƙa yawo a gari ina hura hanci. Daga nan sama ta yi shiru kusan sati uku. Tsiron ya ƙone ƙurmus.

Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Muna tsaye a gona ya tsuguna ya murza busasshen tsiro a hannunsa, ya ce, "Shi wanga mutum da ya hwaɗa maka, ɗan gidan wa ne? Ina yake noma?"

Kunya ta sa washegari na hau mashin zuwa Safana wajen tsohon malaminmu na sakandare. Ya kalli bidiyon, ya yi dariya har da tari. Babu sunan mai magana, babu shekara, taswirar ma ba ta ƙasarmu ba ce.

Ya buɗe mini hasashen damina da hukumar yanayi ke fitarwa duk shekara, da shafukan jami'o'i, da rahotannin da masana ke sa sunansu a kai. Sauyin yanayi gaskiya ne, in ji shi, amma abin da suke gargaɗi a kai shi ne ruwa ya fara ya yanke. Wato rabin nan da Baba ke ɓoyewa ya fi bidiyona ilimi.

"Mai sani na gaske zai ce maka mai yiwuwa," in ji malam. "Wanda ya rantse maka a kan ruwan sama, ka yi nesa da shi."

Mun sake shuka da irin kasuwa, kuma alhamdulillahi an samu abinci. Irin kakanmu dai mun nema har garin Zakka, ba wanda ya ajiye.

Yanzu kafin in tura wa kowa labari sai na duba wa ya rubuta, yaushe, kuma wace ƙasa yake nufi. Ba wanda ya taɓa goranta mini a gida. Sai dai wani lokaci in mahaifiyata tana dama fura takan ce geron yanzu ba shi da ƙamshi, sai ta tuna ina zaune, ta yi sauri ta canza zance.