Turai Mai Dakuwar Yaƙi

Shekarar da labari ya iso cewa Nasara sun ci Kano da bindiga mai ruwa, Turai tana aure a Kutawa, gidan Lado maharbi. Gajeruwar mace ce mai yawan dariya, ba ta iya ganin turmi a zaune.

Mazan gari suka taru a zauren Lado, suka ce ba za a shigo musu ƙasa suna kallo ba. Suka naɗa Lado Sarkin Yaƙi, don shi kaɗai ya taɓa kashe kura. Sada ya zama Sarkin Baka, shugaban masu kibiya. Sabi'u ya dage sai an ba shi Madawaki, mai jan mahaya, alhali doki ɗaya ne a garin, shi ma yana ɗingishi.

Da Lado ya shigo cikin gida, Turai ta ce, "Maigida, na ji an raba sarauta. To, wa zai ciyar da dakarun?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Ba mu kai nan ba tukuna."

Washegari ta tara matan unguwa, aka soya aya da gero, aka daka da barkono da zuma, aka mulmula dakuwa har kwanduna suka cika. Maza kuwa suna can suna gardamar wanda zai shiga gaba, sai ga wani falke daga birni. Ya ce a Katsina an riga an yi wa Nasara caffa, an miƙa wuya, ko kibiya ɗaya ba a harba ba.

Lado ya rataye bakansa, ranar ko tuwo bai taɓa ba. Turai ta lallashe shi, sannan ta ce, "Yaƙi dai ya fasa, amma dakuwa ba ta jira. Ɗaura wa jaki mangala."

Ranar kasuwar Kurfi ta baje kwanduna tana cewa, "Ga guzurin yaƙi, a ci a ji ƙarfi." Mutane suna dariya suna saye, kafin la'asar babu ko ɗaya. Sana'arta ke nan tun daga ranar. Har daga Dutsin-Ma da Ɗantutture ake aiko mata idan za a yi biki.

Bayan wasu shekaru wani Bature mai rangadi ya ratsa kasuwar, ya sa tafintansa ya karɓo masa dunƙule ɗaya. Yana gatsawa, barkono ya kama shi, fuska ta yi jawur, hawaye na zuba. Turai ta miƙa masa ruwa a ƙwarya, ta juya wajen mijinta ta ce a hankali, "Sarkin Yaƙi, na rama maka." Lado ya yi dariya har ya riƙe ciki.

Ta yi tsawon rai ƙwarai. Da hannu ya gaza, 'yarta Lauratu ta karɓi taɓarya, ita kuma ta koma gindin tsamiya tana ɗanɗanawa, kullum tana cewa yaran yanzu suna rowar zuma.