Ragon Balami da Muka Je Dubawa a Issawane

Ban taɓa mantawa da ranar da muka je duba rago a karkarar Issawane ba, kuma duk sabon ma'aikacin da aka turo bironmu, wato ofishinmu, sai ya sha labarin, ko yana so ko ba ya so.

Aikinmu shi ne binciken yadda wata hukuma ta haɗin gwiwar ƙasashen yankinmu ke kashe kuɗinta. In an ce an sayi abu, sai mun je mun gan shi da idonmu. A shekarar, hukumar ta raba wa ƙungiyoyin mata tumaki a Tasawa da Mayahi, kowace ƙungiya da ragon Balami guda don gyara iri. Sai tsegumi ya kai hedikwata cewa Sanusi, ma'aikacin da ya karɓi ragunan daga ɗan kwangila, ya sa hannu a kan ragunan gida ya ce Balami ne. Aka zaɓi ƙauye ɗaya a gwada. In ba a ga ragon ba, ko aka tarar ba Balami ba ne, korar Sanusi za a yi, ga shi da iyali cike da gida.

Shugabar tawagarmu Madam Odil ce, daga wata ƙasa ta bakin teku. Ba ta jin Hausa, ni ne tafintanta. Dokar aikinmu ta hana karɓar kyauta daga wanda ake bincika, ita kuwa ta riƙe dokar nan har ko ruwan sha da nata take yawo.

Bayan girbi ne, muka isa ƙauyen da azahar, Sanusi na tare da mu. Maigari ya sa an shimfiɗa tabarmi, aka dire mana shinkafa da gasasshen nama mai maiƙo. Madam ta ce a gode masa, ba za ta ci ba. Nan take fuskar Maigari ta canza. Na raɗa mata cewa a nan wanda ya ƙi abincin gari, to gaisuwa kaɗai zai samu, ba mai buɗe masa baki. Ta ɗauki tsoka ɗaya kamar mai shan magani. Ta ƙara ta biyu. Can sai na ga ta miƙa hannu tana neman yaji.

Da aka wanke hannu ta ce a kawo ragon. Na fassara.

Maigari ya dube ni ya ce, "Wane rago, ɗana? Ai shi ne kunka ci."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Iya Tsahara, shugabar matan, ta matso ta ce, "Mu munka ce a yanka shi. Masu rago sun taho tun daga wata ƙasa, sai mu ba su ɗan akuya? Garin ga duka babu dabbar da ta kai shi. Kuma ya gama aikinai, tumakin duk sun ɗauka."

Sanusi ya zauna daɓas a ƙasa ya riƙe kai. Madam kuwa ta daɗe tana kallon ƙasusuwan da ke gabanta, sannan ta tambaya ko akwai abin da ya rage. Aka ruga bayan gida aka ƙwato kan ragon daga hannun masu shirin babbaka, aka kai mu gidan liman inda aka kafe fatar za a yi buzu. Fari ƙal, ga lanƙwasasshen hanci, ga dogayen kunnuwa, ga lambar hukuma maƙale a ɗaya. Madam ta durƙusa cikin ƙudaje ta auna, ta ɗauki hoto. Balami ne, ba tantama.

Muka shiga mota muka kama hanyar Mayahi. Duka mun san abin da ke gabanta. In ta rubuta cewa ba a samu ragon ba, ba ta yi ƙarya ba, ba kuma wanda zai ji ta ci komai, sai dai Sanusi ya tafi gida. In ta faɗi dalili, ta kai ƙarar kanta.

Ta rubuta komai, har da yajin. Aka kira ta gaban kwamiti, aka ba ta gargaɗi, aka daɗe ba a sake ba ta jagorancin tawaga ba. An ce wani babba a kwamitin ya tambaye ta cikin gatse yadda ta ga ingancin ragon, ta ce masa ya yi laushi ƙwarai. Sanusi yana nan a bakin aikinsa har yau.

Abin ya ba ni dariya, ya kuma sa na ji nauyinta. A aikin nan kowa ya iya rubuta laifin wani, ni ma na rubuta da yawa. Amma ranar ce kaɗai na ga mai bincike ta sa sunanta a layin masu laifi da hannunta, don wani bawan Allah da ko yarensa ba ta ji ya ci gaba da ciyar da 'ya'yansa.