Muryar da Ɗahiru Ya Mayar wa Motona

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu 2025, Allah ya karɓi ran Ɗahiru Maiguwa, makanikin moto, wato babur, da ke bakin kasuwar Buza. Ya faɗi a garejinsa bayan azahar, aka ɗauke shi zuwa asibitin Madawa, rai ya yi halinsa kafin su isa. Ni ma'aikacin kiwon lafiyar dabbobi ne. Labarin ya same ni ina wata ruga kusa da Garhanga ina yi wa shanu allura, a kan moton aro, domin nawa yana garejinsa.

Ɗahiru, na saba rubuta abin da ya faru da ni kowace rana, amma wannan shafin na fara na soke, na sake farawa. Ban tabbata ni ne ya dace in yi maganarka ba. Akwai waɗanda suka fi ni saninka. Zan faɗi abin da na gani kawai.

Ba ka taɓa kiran bututun hayaƙi da sunan salansa kamar kowa ba. Maƙogwaro kake ce masa, ƙarar kuma ka ce murya. Duk wanda ya zo neman sabo, kafin ka taɓa ƙarfe sai ka tambaye shi inda yake zuwa da wanda ke jiransa a can. Mutane suna ɗauka raha ce, alhali da amsar kake zaɓa masa.

Samarin da ke tsere cikin rairayin ƙorama lokacin Sallah, daga Madawa har Keita wurinka suke zuwa. Kai kake faɗaɗa musu inji, ka sa fistan babba, ka daidaita karbireto. Na ji ka kana yi wa wani daga cikinsu faɗa, wanda ya ɗaura buɗaɗɗen bututu da kansa har injinsa ya ƙone.

"Ka buɗe mishi maƙogwaro, ba ka ƙara mishi abinci ba. Mi kake so shi ci, iska?"

Ba ka hana su tserensu ba, don kai ma ka yi naka da ƙuruciya, tabon yana nan a haɓarka. Sharaɗinka dai kowa ya mallaki bututu biyu, na tsere da na shiga mutane, kuma kai kake sauya musu kyauta. Ka san zamanin da muke ciki. A ƙauyukanmu yanzu, idan aka ji moton da ba a sani ba, mata ɗaukar ƴaƴa suke yi su nufi daji.

Wannan tsoron ne ya shigo gidanmu. Mahaifiyata, Inna Takawa, tana Deule, idanunta sun daɗe da rufewa. Da kunne take sanin zuwana. A watan Maris dutse ya fasa mini bututu a hanyar Garhanga, wani mai walda a Keita ya ɗaura mini abin da ya samu. Da na isa gida ban tarar da ita a tabarmarta ba. Ƙanwata Rahama ce ta gano ta a bayan rumbu, a durƙushe, gwiwarta na jini. Tun daga ranar duk moton da ya gifta sai ta zabura, abinci ma ya rage shiga. Ta ce in zan zo, in zo da ƙafa. Aikina da nisan Deule ba su yarda da haka ba, sai zuwana ya ragu.

Da na ba ka labari ba ka yi dariya ba. Ka karɓi tsohon bututun da na ƙullo a buhu, ka tsaga shi, ka daɗe kana duban cikinsa. Ka ce gangar jikin ta mutu, amma za a iya mayar da muryar. Ka kuma gano fistan ya ci, ka ce dole a sauya shi, shi ma kuma zai taɓa muryar, don haka aikin ya zama biyu.

Kwana da kwanaki kana hudawa, kana toshewa, kana ƙara auduga a ciki kana ragewa. Duk gwaji sai ka tayar ka dube ni. Ni kuwa sai in ce kamar ita ce, kamar kuma ba ita ba.

"Likitan shanu, shekara nawa kana bisa wanga moto, ba ka san muryatai ba? Da saniya ce da ka shaida ta."

Daga ƙarshe ka ce a kira mai kunnen. Muka kira Rahama, ta kara wa Inna waya, ka murza. Muka ji Inna ta ce, "Wanga ɗan wata ne, ba nawa ba." Ka yi dariya har ka riƙe ciki, ka ce tsohuwa ta kayar da kai jarrabawa, in bar maka moton zuwa Alhamis. Ba ka ga Alhamis ɗin ba.

Bayan sadakar uku ƙanenka Hama ya miƙo mini makulli. Ya ce ya tarar da bututun a ɗaure, amma bai sani ba ko ka gama ko gwaji ne. Na tayar, na saurara, ban iya yanke hukunci ba. Na kama hanyar Deule ina ta shawara da kaina. A bakin gari na tsaya, na yi niyyar kashe inji in tura da hannu, kada in sake jefa Inna bayan rumbu. Sai na tuna ban taɓa ganin ka ɗaure kusoshi duka a kan aikin da ba ka yarda da shi ba. Na sauka na taɓa su ɗaya bayan ɗaya, duk a ɗaure suke tamau. Na shiga gari a hankali.

Na same ta zaune a ƙofar ɗaki, ba ta motsa ba. Rahama ta riga ta fito da kwanon fura, ta ce tun ina wajen masallaci Inna ta sa ta damawa. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana. Cewa ta yi kawai, "Ka iso?" Sannan ta ce, "In ka koma ka gaishe min da mai gyaran nan. Ka ce mishi yanzu ya ci jarrabawa."

Na zauna kusa da ita na gaya mata ka rasu. Ta tambayi sunan mahaifiyarka, ta ɗaga hannu ta yi maka addu'a. Saƙonta ke nan nake isar maka, tunda ba ni da wata hanyar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Kaltuma, da ƴaƴanka Imrana da Samira, da Hama, da dukan masu gyaran moto na Buza. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ya Allah, bawanka Ɗahiru ya cire wa tsohuwa makauniya tsoro, ka cire masa tsoron kabari. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata makwancinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Abdurrahman Sani, Buza