Fil ɗin Birkin Surukina

Shekarar da aka ƙara wa ma'aikatan gwamnati albashi, Kaduna ta cika da sababbin babura. Ni kuwa ina da 'yar rumfar kwano a Kawo, kusa da tashar mota, inda nake gyara. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, amma in aka tayar da inji a gabana nakan gane ciwonsa da kunne. Ban fi wata biyar da aure ba a lokacin.

Surukina akawu ne a wani ofis cikin gari, gidansa kuma a Unguwar Kanawa. Dogon mutum ne marar yawan magana. Matata ce 'yarsa ta fari, don haka ko sunanta ba ya kamawa, sai dai ya ce, "Ya mutanen gidan?" Ni ma ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In na hango shi a layi nakan sake hanya, in kuwa mun yi kiciɓis sai in tuɓe takalmi in durƙusa. Haka muka tashi muka tarar ana yi.

Wata Asabar cikin damina ya aiko maƙwabcinsa da baburinsa tun da safe, ya ce a duba masa, zai je gaisuwar mutuwa wani ƙauye gaba da Birnin Yero bayan azahar. Na ajiye duk aikin da ke gabana. Na juye baƙin mai, na wanke fulogi da fetur, na jiƙa sarƙa cikin kananzir na goge ta da tsohon burushi. Da na ga birkin baya ya cinye, sai na cire ƙafar bayan na sa masa sabo, ko da yake ba a ce in yi ba. So nake a je gida a yabe ni.

Akwai wani miƙaƙƙen ƙarfe da ke riƙe faifan birkin baya don kada ya juya tare da ƙafar. Noti ɗaya ke ɗaure shi, a bayan notin kuma sai a zura ɗan fil a lanƙwashe bakinsa, yadda girgizar hanya ba za ta kwance shi ba. Na murɗa notin da yatsu ke nan, fil ɗin yana tsakanin leɓɓana, ina laluben sifana, sai na ji sallamar surukina a kaina. Ya iso tun kafin lokaci.

Ba a gaida suruki da abu a baki. Na zare fil ɗin na soke a naɗin hulata, na zube ƙasa.

"Baba, barka da isowa. An wuni lafiya?"

"Lafiya lau. Ya aiki? Ya mutanen gidan?"

Ya zauna a kan benci ya jingina lemarsa. Tunda nake bai taɓa zama a rumfata ba. Na ja sarƙa, na ɗaure babban notin ƙafa, na shafa giris, na goge tanki har sau biyu, kaina duk a sunkuye.

Mai facin da ke gefena, wani Bakano mai baƙar tsokana, ya zo kamar zai ari guduma, ya raɗa mini, "Bazazzagi, yau ina bakin naka? Ko kura ta zo gidan akuya?"

Na ci gaba da goge tanki.

"An gama?" in ji surukina.

"An gama, Baba."

Ya tattare babbar rigarsa, ya buga babur bugu ɗaya ya tashi, ya sa mini albarka ya ja. Na tuɓe hula zan share zufa, sai wani abu ya soke ni a yatsa.

Na dubi fil ɗin, na dubi bayan surukina. Wallahi bai yi nisa ba. Yana tsaye a bakin titi, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana jiran wata gingimari ta wuce. Taku talatin ne, ko ƙasa da haka. Amma da me zan kira shi? Sunansa ba ya fita a bakina. In ƙwala masa "Baba!" cikin tasha, a gaban 'yan kamasho da masu abinci, kamar mai kiran ɗan dako? In ya juyo kuma in ce me, bayan yanzun nan na ce an gama? Na buɗe baki, abin da ya fito ko ni ban ji shi sosai ba. Gingimarin ta wuce, ya hau titi ya miƙa arewa.

Na koma na zauna ina lallashin kaina. Ai na murɗa notin sosai. Ai dattijo ne, ba ya gudu. In ya dawo da yamma zan je gidan kamar gaisuwa ta kai ni, in faki ido in zura fil ɗin a zaure. Na jawo wani babur zan kwance, na rasa wace sifana nake nema. Hanyar Zariya ta lokacin siririya ce, damina ta ciccinye gefenta, kuma na san abin da kowane rami ke yi wa notin da ba a ɗaure ba. In ƙarfen nan ya fita, da zarar an taka birki faifan zai juya, ya naɗe sandar birkin, ƙafar baya ta ƙame cak.

Aƙalla rabin awa na yi a haka. Wannan rabin awar ita ce ban taɓa yafe wa kaina ba.

Mai faci ne ya lura. "Kai, lafiya? Ka yi fari kamar wanda ya haɗiyi alli."

Na buɗe masa tafin hannuna. Shi ma ya san ƙafar babur. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Na wa?"

Na dubi bencin da surukina ya zauna.

"Na tsohon? Kuma kana zaune? Kunyar taka ce za ta riƙe masa birki? Tashi, sakaran banza, ɗauki nawa!"

Na soka sifana a aljihu na hau. Ban san da bakin da na yi addu'a ba a hanyar nan, duk wadda ta zo sai in kama ta daga tsakiya. In na hango mutane biyu uku a tsaye sai in ce shi ke nan, shi ne, in na matso in tarar masu sayar da masara ne. Na wuce Rigachikun ban ga komai ba, har na fara cewa Allah ya rufa asiri. Wata a-kori-kura ta gifta ni da gudu ta nufi Kaduna, ban ko kalle ta ba.

Gaba kaɗan, a wata gangara, na ga babur kwance cikin ciyawa, da wasu manoma uku tsaye a kansa. Tun daga nesa na gane tankin da na goge. Kwalta ta yi baƙin layi dogo, ga takalminsa ƙafa ɗaya.

"Ina mai shi?"

"Yanzu mota ta ɗauke shi, ba ka gamu da ita ba? Shanu ne suka tsallaka, ya taka birki, sai muka ga abin ya yi sama da shi."

"Yana da rai?"

"Yana dai salati."

Na durƙusa gaban ƙafar baya. Kamar yadda na zata, ƙarfen yana reto, sandar birki ta naɗe kamar igiya. A nan na yi abu na biyu, wanda ya fi na farko muni, domin shi babu kunyar kowa a cikinsa sai tsoron kaina. Na ce wa manoman ni bakanike ne, zan gyara don a iya tura shi. Na warware sandar, na miƙar da ita a kan dutse, na ciro noti daga wani wuri na ɗaure ƙarfen, na zura fil ɗin na lanƙwashe. Suna ta yi mini sannu. Sai da na gama ɓoye laifina sannan na juya neman mutumin da ban san ko zai kai asibiti ba.

Na same shi da la'asar a babban asibiti. Cinyarsa ta dama ta karye, ƙugu ya goce, rabin fuskarsa a ɗaye. Ba kowa a wurinsa, domin labari bai kai gida ba tukuna. Na durƙusa nesa da gadon.

"Sannu, Baba. Allah ya sa kaffara ne."

"Amin." Ya numfasa da ƙyar. Can ya ce, "Wa ya sanar da kai?"

Na kafa ido a siminti. Ina jin idonsa a tsakiyar kaina. Ƙofa ce ya buɗe mini, kuma na san ƙofa ce. Kalma huɗu ko biyar sun isa. Na yi shiru irin wanda na saba yi a gabansa, wanda kowa zai gani ya ce ladabi ne.

"To," in ji shi. "Je ka faɗa musu a gida. Ka bi su a hankali."

Wata uku ya yi a kwance. Ya tashi da sanda, ƙafa ɗaya ta gajarce, bai ƙara hawa babur ba, bai kuma daɗe ba ya bar aiki, domin matakalar ofis ta gagare shi. Duk wanda ya zo dubiya, shanu yake ce masa. Matata har cewa take Allah ne ya sa mini jin abin a jiki, shi ya sa na bi bayansa. Na bar ta a kan haka shekara da shekaru, sai bayan rasuwarsa na faɗa mata, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Shi kuwa bai taɓa sake mini fuska ba. Da ya samu sauƙi ya yanke shawarar rabuwa da baburin, aka ce sai an gyara fitila da tankin da ya lotse. Ina zaune a zaurensa aka yi maganar, na ce zan turo a ɗauka gobe.

"A'a, bar shi," ya ce, a hankali, yana duban sandarsa. "Aiki ya yi maka yawa. Akwai wani a Abakwa, shi za a kai wa."